Hawa Biyar, Sauka Uku: Lissafin Elliott Da Kasuwar Potiskum

A unguwar Dogo Nini ta garin Potiskum, kamar a sauran manyan garuruwanmu, akan ga samari sun duƙufa a kan wayoyinsu suna bin wani zane mai hawa da sauka, watau zanen farashin kuɗaɗen waje da na intanet. Daga cikin dabarun da ake koya musu har da wadda ake kira lissafin igiyar ruwa.

Mai wannan dabara shi ne Ralph Nelson Elliott, wani akanta Ba'amurke wanda ya bi diddigin farashin hannun jari na ƙasarsu, ya fitar da littafinsa a 1938. Cewa ya yi farashi yana tafiya ne kamar igiyar ruwa: zango biyar wajen hawa (uku gaba, biyu ɗan ja da baya), sa'an nan zango uku wajen sauka, kuma kwaɗayi da tsoron jama'a ne ke kaɗa shi. A 1978 Robert Prechter da A. J. Frost suka sake raya maganar da nasu littafin. To, amma fa masu sukar dabarar suna da hujja mai ƙarfi, domin sau da yawa gwanaye biyu sukan dubi zane ɗaya, wannan ya ce zango na uku ake ciki, wancan ya ce na biyar ne, sai bayan kasuwa ta tashi kowa ya gane nasa ƙirgen.

Fataken Potiskum kuwa sun daɗe da tasu igiyar, kuma tasu ta fi dalili a fili. Da kaka gero da dawa da wake sukan yi araha, don manomi na bukatar kuɗin biyan bashi da hidimar aure. Mai jari ya saya ya kimsa a sito, ya jira tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ya fitar. Haka ma a kasuwar shanu ta ranar Laraba, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma: rago yakan yi tsada gab da Babbar Salla, ya faɗi warwas da an yi layya. Ruwan sama da kalanda ne ke juya wannan igiya, shi ya sa aka fi amincewa da ita.

Duk da haka ita ma takan ci amanar mai ita. A farkon 2023, da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, makiyaya da manoma sun yi ta karyar da kayansu ga duk mai kuɗi a hannu, a lokacin da ya kamata farashi ya fara hawa. A Yulin 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Waɗanda suka cika sito da kakar wannan shekara, suna zaton tsadar da aka gani za ta maimaitu, sun wayi gari a 2025 farashin hatsi yana sauka a watannin da ya saba hawa, har wasu suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Ana cikin haka, a watan Mayun 2025, saura 'yan makonni layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta, dillalan raguna suka koma lissafi daga farko.