Tsohuwar talabijin da mataccen batir: abin da ya kamata mutanen Congo-Russia su sani

Da wuya ka shiga gida a unguwar Congo-Russia da ke Jos ka rasa tsohuwar talabijin mai ƙeya a lungun ɗaki, ko rediyon da ya daina magana, ko leda cike da matattun wayoyi da caja da tocila. Suna nan ajiye har ranar da ɗan gwangwan zai biyo layi da baro da sikelinsa. A yi ciniki, ya miƙa 'yan kuɗi ko ya ba uwargida roba, ya wuce. Ba kasafai muke tambayar inda kayan suka nufa ba, alhali daga nan ne lamarin ya shafi lafiyarmu.

Ɗan gwangwan abin da ke cikin talabijin yake nema: tagulla, alminiyon, ƙarfe, da koren allon nan da ƙananan na'urori ke manne a jikinsa, wanda ke ɗauke da ɗan zinariya da azurfa. Har kuza akwai. Irin wadda kakanninmu suka haƙo a Bukuru da Barikin Ladi ce ake haɗawa da dalma a yi abin liƙin da mai gyaran rediyo ke narkarwa. Wato dukiya ce, kuma mai tattara ta sana'a yake yi ta halal. Matsalar tana wajen yadda ake fitar da ita.

Hanya mafi sauƙi ta raba tagulla da robar waya ita ce wuta. A tara wayoyi, a ɗora tsohuwar taya, a kunna. Baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro yana ɗauke da guba da ke taruwa a jikin mutum, ba ta fita da wuri. Gilashin talabijin mai ƙeya kuwa cike yake da dalma, babba guda takan ɗauki fiye da kilo ɗaya. Dogon ƙwan lantarki fari yana da zaiba a ciki, da ya fashe ta bi iska. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batirin mota da na sola, don kuwa rashin wuta ya sa sun yawaita a gidajenmu. Idan ya mutu sai a fasa shi da guduma, a tsiyayar da ruwansa a ƙasa, a kwashe dalmar.

Mu 'yan Arewa mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ba ta da wari, kuma ba nan take take kayar da yaro ba. A hankali take cin ƙwaƙwalwarsa: ya riƙa mantuwa, karatu ya gagare shi, jininsa ya yi ƙasa, a yi ta yi masa faɗa a kan abin da ba laifinsa ba ne. Mai ciki ma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. A unguwa irin tamu, inda gidaje ke manne da juna, ƙurar da ta tashi a fili ɗaya kowa zai shaƙa. Idan damina ta sauka kuma, tokar ta bi kwata ta gangara kogin Dilimi, wanda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da karas da shi.

Doka fa akwai ta. Tushenta abin da ya faru a Koko ne, a jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya. A shekarar gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. Najeriya tana kuma cikin yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta taƙaita jigilar shara mai haɗari daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ita ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Sun hana shigo da na'urar da ta riga ta mutu, sun hana ƙona ta, sun kuma wajabta wa masu tattarawa da masu sarrafawa yin rajista.

Abin da ya fi muhimmanci a cikinsu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne wannan: kamfanin da ya ƙera na'ura ko ya shigo da ita, shi ke da alhakinta har bayan ta mutu. Don haka aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018, kamfanoni su riƙa zuba kuɗi, a biya masu tattarawa da masu sarrafawa ta hanya mai tsafta. Sai dai akasarin wannan aiki a Legas ya tattaru. Kayan kuwa ba su tsaya a can ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Najeriya a shekara, fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne, yawanci a cushe cikin motocin gwanjo. A duniya baki ɗaya ma, cikin tan miliyan 62 na irin wannan shara da aka samar a 2022, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida.

A ganina korar 'yan gwangwan ba za ta magance komai ba, sai dai ta mayar da ƙone-ƙonen cikin dare. Su ne suka san kowane lungu. A yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, a ba su safar hannu da na'urar feɗe waya, a kuma sayi batir da talabijin a hannunsu da ɗan ƙari idan sun kawo su ba a fashe ba.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunmu. Abin da zai gyaru a kai wa mai gyara. Kada a bar yara su yi wasa da batir ko fasasshen gilashin talabijin, kada kuma a aike su sayar da su. Batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kada a huda shi ko a jefa shi a murhu. Mai sana'ar gwangwan ya wanke hannu ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Kafin ka rabu da waya, cire layinka da katin ajiya, ka goge bayanan bankinka.

Masu unguwanni, limamai da fastoci, ku taru ku je ofishin hukumar tsabtace muhalli ta jihar Filato, PEPSA, da na NESREA, ku nemi a ware mana wurin karɓar matattun batura da tsofaffin na'urori a nan Jos ta Arewa.