Zafi Biyu a Injin Babbar Mota: Abin da Ya Kamata Direba Ya Sani

Direbobi da masu manyan motoci da yawa suna zaton muddin allurar gejin zafi ba ta hau ja ba, to, inji yana lafiya. Wannan kuskure ne mai jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rayuka. Zafi iri biyu ne a injin dizal, gejin kuwa ɗaya kawai yake nunawa.

Na farko shi ne zafin ruwan lagireto. Idan inji yana aiki daidai, ruwan yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin santigiret. Da yake ruwan yana da yawa, sannu a hankali yake ɗaukar zafi, sai an yi mintoci kafin allura ta motsa.

Na biyu shi ne zafin hayaƙin da ke fita daga inji zuwa salansa. Wannan yakan wuce digiri 500 idan mota tana jan kaya, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake tashi. Idan ya daɗe sama da digiri 700, bawul yakan ƙone, tabo ya lalace, kan fistin ma ya soma narkewa, domin yawancin fistin da alminiyan ake yin su. Duk wannan yana iya aukuwa alhali allurar ruwa tana zaune a wurinta.

Abin da ke ta da zafin hayaƙi shi ne mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Hakan yakan faru idan an yi wa mota lodi fiye da kima, ko an hau tudu da babbar giya, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko an taɓa injekta don a ƙara wa mota ƙarfi. A wurare masu tudu kamar Jos, inda tsawon ƙasa ya kai kimanin mita 1,200, iska ba ta da kauri, saboda haka mai hawan Kibo da kaya sai ya ƙara lura. Baƙin hayaƙi shi ne gargaɗin farko.

Don haka ana jawo hankalin direbobi ga waɗannan abubuwa:

1. A sauko zuwa ƙaramar giya tun daga gindin tudu.
2. In an ga baƙin hayaƙi, a sassauta totur.
3. A riƙa duba matatar iska, musamman lokacin hunturu.
4. Bayan doguwar tafiya, a bar inji a silo minti 3 zuwa 5 kafin a kashe shi.
5. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, domin tururi yana ƙona fuska.

Masu motoci kuma su daina matsa wa direbobi su ɗauki kayan da ya fi ƙarfin mota. Motar da ta mutu a tsakiyar tudu haɗari ce ga duk mai bin hanya. Rigakafi ya fi magani.