Yadda A Ke Sa 'Yar Kyanwa Mai Tsoro Ta Saba da Mutane

Zancenmu na yau a kan kyanwa ne, wadda waɗansu ke kira mage, da dalilin da ya sa wata ta kan zo ta kwanta a cinyar mutum, wata kuwa da jin motsinsa sai ta ruga ƙarƙashin gado.

Bari mu fara da birnin Greensboro, a Jihar Karolina ta Arewa cikin ƙasar Amurka, inda mutanen Nijar da yawa su ke zaune da iyalinsu. Hukumar gundumar Guilford tana da gida a nan na ajiye dabbobin da ba su da masu su, an kuwa buɗe sabon gininsa cikin shekarar 2021. Kowace shekara, da sanyi ya wuce, sai a yi ta kawo 'ya'yan kyanwa waɗanda aka tsinta a bayan gidaje ko cikin ciyawa. Mai son kiwo sai ya je ya zaɓa. Wadda ta fito gaba tana wasa nan da nan ta kan sami mai riƙo. Wadda ta maƙale a lungu tana huci kuwa ta kan daɗe ba wanda ya dube ta. A wurare da dama a Amurka, in irin wannan gida ya cika, dabbar da aka rasa mai ɗaukarta a kan yi mata allurar da za ta kashe ta. Ashe ke nan tsoro yana iya zama sanadin ajalin 'yar kyanwa.

To, daga ina wannan tsoro ya ke fitowa? A farkon shekarun 1980 wata masaniya mai suna Eileen Karsh, ta Jami'ar Temple a birnin Filadelfiya, ta yi gwaji a kan wannan. Ta rarraba 'ya'yan kyanwa kashi kashi, waɗansu aka soma ɗaukarsu a hannu tun suna ƙanana ƙwarai, waɗansu kuwa aka bari sai da suka tasa. Abin da aka fahimta shi ne, akwai wani ɗan lokaci, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, wanda a cikinsa ne 'yar kyanwa ke koyon ko mutum abin gudu ne ko abin amincewa. Har wa yau ta ga waɗanda a ke riƙewa minti 40 kowace rana sun fi waɗanda a ke riƙewa minti 15 sakin jiki. Hausawa dai sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Amma reno ba shi kaɗai ba ne. Cikin 1995 wata masaniya kuma, Sandra McCune, wadda ta yi bincikenta a Kambirij ta ƙasar Ingila, ta bayyana cewa 'ya'yan muzurun da ya saba da mutane sun fi 'ya'yan muzuru mai gudun mutane ƙarfin hali, ko da ya ke ba su taɓa ganin uban nasu ba. Watau akwai rabon gado a ciki. Saboda haka in kun ga 'yar kyanwa tana ɓuya, kada ku ce mugun hali ne.

Wanda ya ɗauko irin wannan fa, yaya zai yi? Da fari ya sa ta cikin ƙaramin ɗaki guda, da ruwa, da abinci, da kasko mai yashi inda za ta riƙa kewayawa. Ya ajiye mata kwali wanda za ta shiga ta ɓuya. Wani zai ce ai wannan ƙara mata tsoro ne. Ba haka ba ne. Cikin 2014 masanan Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gwada wannan a wani gidan ajiye dabbobi, suka ga kyanwoyin da aka ba kwali hankalinsu ya kwanta cikin 'yan kwanaki, sauran kuwa sai da suka yi wajen mako 2 kafin su kamo su. Dabbar da ta san tana da mafaka ita ce ke da zuciyar leƙowa waje.

Sa'an nan a rage hayaniya. Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗa iska har sau 20,000 cikin sakan guda, na kyanwa kuwa ya kai wajen sau 64,000. Ƙarar da mu ba mu ji ma ita tana ji. Mai riƙo ya zauna a ƙasa nesa kaɗan, ya yi magana sannu, kada ya tsura mata ido, gama a wurin kyanwa tsura ido alamar faɗa ce. Cikin 2020 masanan Jami'ar Sussex a Ingila sun nuna cewa in mutum ya lumshe mata ido a hankali, ta kan mayar masa, ta kuma fi yarda ta matso kusa da hannunsa.

Abinci shi ne babban manzo. A ba ta a kan lokaci, mutum yana zaune, kullum a ɗan matso da kwanon kusa da shi, har ran da za ta lasa daga cokali. Sai dai a kula, madarar shanu ta kan sa kyanwoyi da yawa zawo. Bayan wannan sai wasa. A ɗaura gashin kaza da zare a bakin kara, a riƙa jansa a ƙasa, sha'awar farauta ta kan mantar da ita tsoro. Taɓa jiki shi ne na ƙarshe, a soma daga kumatu da bayan kunne. A hana yara bin ta da gudu, kada kuma a jawo ta daga maɓoyarta da ƙarfi, don ɓarnar rana guda tana rushe aikin mako guda.

Wadda ta haura mako 7 ba a fid da rai da ita ba, sai dai aikin ya kan ɗauki makonni ko watanni. Amma babbar kyanwa wadda ta girma a waje ba ta taɓa sanin hannun mutum ba, da wuya ta zauna a ɗaki. Irin waɗannan, masu taimakon dabbobi a Greensboro da sauran biranen Amurka su kan kama su da tarko, likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa da allurar rigakafi, a yanke ɗan bakin kunne don shaida, a mai da su inda su ke.

Abu guda ya rage ga masu sauraronmu na Karolina ta Arewa. Dokar jihar ta wajabta a yi wa kowace kyanwa da ta wuce wata 4 allurar rigakafin haukan kare. Mu ma a Kano, ko Maraɗi, ko Zariya, ya kyautu wanda kyanwar da ba a san ta ba ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya tafi asibiti nan take.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.