Daga ƙwaryar Barmani Choge zuwa wayar 'yarki

Uwargida, wataƙila kin taɓa kama 'yarki da wayarki a hannu tana haɗa bidiyo: ga hoton gonar masara da ta ɗauka a hanyar Malumfashi, ga kiɗa a ƙarƙashi, ga rubutu yana gilmawa, ga muryarta a kai. Kafin ki ƙwace wayar ki ce shirme ne, ki sani abin da take yi yana da suna a wurin masana. Fasaha ce ta haɗa kafofi da yawa, wato sauti da hoto da motsi da kalma, su zama abu guda. Kuma ta girmi waya nesa ba kusa ba.

Turawa sun daɗe suna gardama a kanta. A 1766 wani marubuci ɗan Jamus, Lessing, ya ce kowace fasaha ta tsaya a gonarta: zane na ido ne, ana ganinsa gaba ɗaya lokaci guda, waƙa kuwa tafiya take yi, kalma bayan kalma, don haka kada a cakuɗa su. A 1849 mawaƙi Richard Wagner ya zo da akasin haka, ya ce kiɗa da waƙa da rawa da adon dandali su narke cikin juna. Da ya buɗe gidan wasansa a garin Bayreuth a 1876, sai ya ɓoye makaɗa a rami a gaban dandali, aka rage haske a wurin zaman jama'a, don mai kallo ya yi tsit ya nutse.

To, ki dawo gida Funtua. Ki tuna marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan amada a gidan biki. Ƙwarya a kife, wata a kan ruwa tana ba da amo mai zurfi, wata a ƙasa tana amsawa. Zabiya na bayarwa, 'yan amshi na karɓa, ga rawa, ga guɗa, ga anko da lalle, ga ƙamshin turaren wuta. Cire ɗaya ki gani. Waƙar Barmani a rubuce a takarda ba ta kai rabin abin da take a tsakar gida ba, domin habaicin yana cikin murya, wani ma a kallon da za ta yi wa mace ɗaya a taron. A ganina, a nan iyayenmu mata suka fi Wagner dabara: shi ya sa jama'a shiru, su kuwa sun mayar da mai kallo ɗaya daga cikin kayan aikin. Wadda ta tashi ta yi liƙi ta canja waƙar, don nan take za a sako sunanta.

Haka tashe yake. Azumi na kai kwana goma, yaro ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya duƙa, ya zama tsoho. Ado, waƙa, kiɗan gwangwani da wasan kwaikwayo duk a zaure ɗaya, kuma audugar ma ba daga nesa aka samo ta ba.

Na'ura ta shigo ne daga baya. A zamanin mulkin mallaka motar majigi na zagaya garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a fili, wani ya riƙa bayani da Hausa a kan hotunan da ke motsi. Sai kaset, sai fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a farkon finafinan Hausa na bidiyo. Yau duk wannan ya dunƙule a tafin hannun yarinya 'yar shekara goma sha uku.

Ba cewa nake yi ki sakar mata waya ba. Abin da ya fita daga tsakar gida ya hau TikTok ba ya dawowa, kuma amada ma mata zalla ake yi wa, da katanga a kewaye. Fuskarta da unguwarku da kayan makarantarta ba na duniya ba ne.

Amma ki zauna ku kalli bidiyon tare, ki yi mata tambayar da mai kiɗan ƙwarya za ta yi. Kiɗan nan yana taimakon hoton, ko yana danne shi? In an kashe sautin, me ya rage? Me ya sa ta ɗora waƙar Indiya a kan hoton kakarta tana casar dawa, alhali sautin taɓarya da turmi yana nan a cikin wayar? Ki ce ta sake haɗawa da wannan sautin, sannan ku kai wa kakar ta gani.