Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Injin Yankan Itace

Wanda duk ya shiga kasuwar katako, ko ta Bodija a Ibadan ko ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, zai ga falankai jibge kamar tsaunuka. Da yawa daga cikinsu a cikin daji aka tsaga su, a daidai wurin da itacen ya faɗi, da wani inji da mutum ɗaya yake riƙewa a hannu. Shi ne ake kira injin yankan itace, wasu kuma su ce zarton inji, saboda sarƙa ce mai haƙora take zagaya wani dogon allon ƙarfe tana cin itace. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a dazuzzukan Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, ƙirar wani kamfanin Jamus da Andreas Stihl ya kafa a shekarar 1926. Tun a 1968 aka fara fitar da wannan samfuri. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa allo da sarƙa, kuma yana da tsada ƙwarai. Saboda haka idan ya buga, mai shi ba ya jefar da shi. Wurin bakanike yake kai shi, domin da shi yake ciyar da iyalinsa. A wannan darasi za mu ga yadda ake farfaɗo da irin wannan inji, da yadda ake ƙara masa ƙarfi, da kuma inda ya kamata a tsaya.

Yadda injin yake aiki

Injin yankan itace ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne da ake haɗa wa fetur da mai kafin a zuba masa. Ba shi da kaskon baƙin mai irin na mota. A cikin silindarsa akwai fistan guda ɗaya da yake hawa yana sauka. Idan fistan ya hau, sai ya zuƙo iska da fetur daga kafireto zuwa ɗakin da karanshaf yake juyawa a ƙasa. Idan ya sauko, sai ya tura su ta wasu hanyoyi da ke jikin silinda zuwa sama, inda fulogi zai kunna musu wuta. Duk hawa ɗaya da sauka ɗaya, wuta takan tashi sau ɗaya.

Abubuwa biyu suke fitowa daga wannan tsari, kuma a kansu duk gyaran ya dogara. Na farko, ɗan man da aka gauraya da fetur shi kaɗai ne yake shafa fistan da boris, yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Na biyu, dole ɗakin karanshaf ya kasance a toshe sarai. Idan iska ta sami wata kafa ta shiga ba ta hanyar kafireto ba, fetur zai yi kaɗan a cikin gaurayen. Inji zai ƙara gudu da ƙara, har mai shi ya ɗauka ƙarin lafiya ya samu, alhali zafi ne yake hauhawa. Fistan na alminiyon ne. Idan zafi ya wuce kima sai ya kumbura, ya goge jikin silinda, ya narke a kanta, ringi ya maƙale. Wannan shi ne bugawar inji.

Karanta ciwon kafin a sayi magani

Bakanike mai gaggawa yakan cire fistan da ya lalace, ya sa sabo, ya karɓi kuɗinsa. Bayan 'yan kwanaki sai injin ya dawo da ciwo irin na farko, saboda abin da ya kashe tsohon fistan yana nan yana jiran sabon. Gwani kuwa yakan fara da kwance salansa, ya leƙa ta ƙofar hayaƙi yana jan igiya a hankali, ya dubi jikin fistan da ringi. Daga nan zai san ko akwai buƙatar buɗe injin gaba ɗaya.

Fistan da ya lalace yana ba da labarin abin da ya same shi. Idan zanen gogewa yana ɓangaren salansa ne, zafi ne ya yi ɓarnar: ko iska ta yi yawa a gaurayen, ko an matse kafireto, ko garin katako ya toshe fikafikan silinda har iskar fanka ta kasa sanyaya ta. Idan gogewar tana ɓangaren kafireto, fistan kuma ya yi dushi-dushi kamar an bi shi da samfefa, to ƙura ce ta wuce matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina. Wannan yakan yawaita lokacin hunturu. Idan ko'ina ya goge, mai yiwuwa an zuba fetur zalla ne, ko an gauraya shi da tsohon baƙin man mota. Idan kuwa an ga ƙananan ramuka a kan fistan kamar an sassare shi, wani guntun ƙarfe ne ya ɓalle, daga boris ko daga ƙaramin zoben da ke riƙe fil ɗin fistan.

Kafin a raba injin ana yi masa gwajin iska. A toshe ƙofar kafireto da ta salansa da roba, a hura iska a ciki da ɗan famfo har awo ya nuna rabin ba, wato 0.5, sannan a zuba ido. Idan allurar awo ta fara sauka, akwai kafa. Sai a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar. Bayan haka a juya gwajin, a zuƙe iskar. Robobin da suke toshe gefe biyu na karanshaf sukan riƙe iska idan an hura, amma su saki idan an zuƙa, musamman in sun tsufa sun bushe. Gwajin ba ya cin lokaci mai yawa, amma shi ne aka fi tsallakewa.

Kwancewa da haɗawa

Ana wanke injin tas kafin a buɗe shi, don kada datti ya faɗa ciki. Idan an zare silinda, abin tambaya shi ne ko za ta sake amfani. Jikinta alminiyon ne, amma an lulluɓe cikinta da wani siririn rufi mai tauri. Sau da yawa abin da ake gani kamar gogewa narkakken fistan ne kawai ya manne a kan rufin. Ana iya cire shi da samfefa mai laushi. Wasu suna ɗiga asid, wanda ke cinye alminiyon ya bar rufin, amma aiki ne mai haɗari ga ido da hannu, kuma idan asid ya sami inda rufin ya ɓare zai shiga ya rarake silindar. Bayan an tsabtace, sai a bi wurin da farce. Idan farce ya maƙale a wani zane sama da ƙofar hayaƙi, silindar ta gama aiki.

Daga nan sai a kama konrod, wato sandar da ta haɗa fistan da karanshaf, a ja shi sama a tura shi ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma motsi sama da ƙasa alama ce boris ɗinsa ya ci. A nan dole a raba gindin injin biyu. Ba a buga sabon boris da guduma. Ana ɗumama mazauninsa ne har ya ɗan buɗe, sai boris ya zauna da kansa. Robobin karanshaf da gasket kuwa sababbi ake sawa kowane lokaci, ko da tsofaffin suna da kyan gani.

Wajen sa fistan akwai ƙananan abubuwa da suke kashe inji idan an yi sakaci. Kibiyar da ke kansa salansa take kallo. Bakin kowane ringi yana da ɗan fil da zai zauna a kai, don kada ya juya ya faɗa cikin ƙofa ya karye. Zobban da suke riƙe fil ɗin fistan ba a maimaita su. Kayan gyara kuma iri biyu ne a kasuwa: na kamfanin, da na kwaikwayo masu araha. Ba duk na kwaikwayo ne marasa kyau ba, sai dai wanda ya saye su ya duba bakin ƙofofin silinda da yatsa. In ya ji kaifi, ya goge shi kafin ya haɗa, in ba haka ba kaifin zai kama ringi.

Ƙara masa ƙarfi

Tun da an riga an buɗe inji, masu shi da yawa sukan so ya fito da ƙarfin da ya fi na da. Stihl 070 yana da babban wa mai suna 090. Tafiyar fistan a cikinsu ɗaya ce, milimita 40, amma faɗin silindar 070 milimita 58 ne, na 090 kuwa 66. Wannan bambanci na milimita 8 kamar ba kome ba ne, amma ɗalibin da ya tuna lissafin da'ira zai gane dalilin da ya sa cikin injin yake tashi daga cc 106 zuwa cc 137, wato ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa makanikai suke ɗora silinda da fistan na 090 a kan gindin 070. Sai dai ƙarfin da aka ƙara a sama, sassan ƙasa ne za su ɗauke shi. Kulocin 090 ya fi na 070 ƙarfi, kuma idan an bar ƙaramin yakan riƙa sulɓewa yana zafi a cikin babban gungume. Tsohon boris da ya jure ƙaramin fistan ba lalle ne ya jure babba ba. Fetur ma zai ƙara sha.

Wasu kuma sukan sa gasket mai siriri a ƙarƙashin silinda don a ƙara matse gaurayen. Kafin a yi haka ana auna ratar da ke tsakanin kan fistan da rufin silinda: a zura wayar dalma ta ramin fulogi zuwa gefe, a juya injin da hannu, fistan ya latse ta, sannan a auna kaurinta. Bai kamata ratar ta gaza rabin milimita ba. Akwai masu faɗaɗa bakin salansa don hayaƙi ya fita da sauƙi. Wannan yana rage zafi, amma sai an ƙara wa kafireto fetur, in ba haka ba gyaran ya zama sanadin wata bugawar.

A ganina, gyaran da ya fi riba shi ne wanda ba a jin sa a ƙara: canja tsohon kwantak da na'urar wuta ta zamani wadda ba ta buƙatar saiti, da sa iyakilina mai kyau. Wanda ya fi muni kuwa shi ne cire gwamna. Wani ɗan faifai ne da iskar fanka ke turawa, yana hana injin wuce iyakar gudunsa. Ƙananan injuna na zamani suna haura zagaye 12,000 a minti ɗaya, amma 070 ba a yi shi don haka ba, ƙarfinsa a ja yake. Haka kuma a tuna tsohon 070 ba shi da birkin sarƙa. Idan bakin allon ya taɓa wani abu ya yi tsalle baya, babu abin da zai tsayar da sarƙar, kuma injin da aka ƙara wa ƙarfi tsallensa ya fi tsanani.

Tayarwa ta farko

Kamfanin ya ce a gauraya kashi 1 na mansa da kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Tsofaffin littattafansa sun ce in wani man ne daban na irin wannan inji, a ninka, ya zama mililita 200. A cikin jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba. Ratar bakin fulogi rabin milimita ce.

Kafireto yana da sukurori biyu na fetur, ɗaya mai alamar L na ƙaramin gudu, ɗaya mai alamar H na babban gudu. Ana fara buɗe kowanne kamar zagaye ɗaya, sannan a saurara da kunne. Idan an ba shi wuta ba a cikin itace ba, ya kamata a ji yana ɗan gargada, in sarƙa ta shiga itace kuma muryarsa ta washe. Idan yana kururuwa siririya tun a waje, fetur ya yi kaɗan, a buɗe H nan take. Har ya ƙone tanki uku na farko ba a sake masa wuta duka alhali ba ya yanka kome, domin ringi yana neman zama. Bayan nan sai a bar shi ya huce, a sake ɗaure kusoshin silinda da na salansa, a cire fulogi a duba. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, saitin ya yi daidai. In ya yi fari fat, kada a shiga daji da injin sai an sake gwajin iska.