Hanyoyin Burji Na Bayan Aburi: Abin Da Muka Gano A Kan Keke

Jama'a, duk wanda ke zaune a Madina ko Adenta, in ya ɗaga kai ya dubi arewa da sassafe, zai hangi duwatsun Akuapem a jere, hazo ya lulluɓe kansu. Da yawa daga cikinmu mun tsufa muna hangen su, amma iyakar saninmu da su shi ne ta tagar torotoro in za mu Koforidua biki ko ta'aziyya. To, a bayan duwatsun nan akwai hanyoyin burji, watau hanyoyin jar ƙasa da tsakuwa waɗanda kwalta ba ta kai gare su ba, sun ratsa gonakin koko da kurmi, suna hawa suna gangara. Baƙi suna tasowa tun daga Turai su yi hayar keke a Aburi don su bi su, alhali mu da abin yake a ƙofar gidanmu ba mu san shi ba. Wannan ne ya sa muka ɗauki kekunanmu muka tafi mu gani da idonmu, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa hawan keke a kan burji ya zama wasa mai zaman kansa a duniya. A shekarar 2006 aka fara wani tsere na mil 200 a jihar Kansas ta Amurka, wanda a yau ake kira Unbound Gravel. A 2021 aka fara wani a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya, sa'an nan a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. Har keke na musamman kamfanoni suke ƙerawa dominsa, mai lanƙwasasshen hannu irin na tsere, da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50, da birki mai faifai. Kuɗinsa kuwa sai mai hali. Amma kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Duk cikinmu babu mai irinsa. Kekunan gwanjo ne masu giya, irin waɗanda ake jerawa a bakin titi, kuma sun kai mu sun dawo da mu.

Bayan sallar Asuba muka tashi daga Madina, muka bi ta Oyarifa har Ayi Mensah, inda dutse ya fara. Ranar Asabar ce, saboda haka hanyar cike take da masu tattaki don motsa jiki zuwa Peduase. Wannan hawan kwalta ne, amma shi ne jarrabawar farko. Wanda ya taka feda da zafin rai tun daga gindin dutse, kafin ya kai Kitase zai sauka ya tura. Dabarar ita ce a sa ƙaramar giya, a zauna daram a kan sirdi, a bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Da muka isa Aburi, wadda take sama da teku da kamar mita 400, sai muka ji iska ta sake, sanyi ya ratsa rigunanmu da suka jiƙe da gumi. Muka huta a bakin lambun gwamnati da aka buɗe tun 1890, mai dogayen itatuwan kwakwa a jere a mashigarsa, muka sha koko da ƙosai.

Daga nan muka nufi yamma ta hanyar Nsawam, ba da jimawa ba muka bar kwalta muka faɗa burji wajen ƙauyukan Oboadaka da Pokrom da Fotobi. A nan ne aikin yake. Hanyar takan gangara da kai cikin kwari har ka ji sanyin rafi, ka tsallake 'yar gada ko ka ratsa ruwa iya idon sawu, sai kuma ta miƙe tsaye a gabanka kamar bango. Ta wani wurin inuwar koko da ayaba da kwakwar manja ta rufe sama, manyan rimaye suna leƙowa ta bisa. Ta wani wurin kuwa sai fili ya buɗe, gonakin abarba sun shimfiɗu a jikin tudu iya ganinka. Ba ƙarar mota, sai kukan tsuntsaye da saran adda daga cikin gona. Jefi-jefi mai babur ya wuce da buhunan rogo, ko mata ɗauke da itace su ratse su ba ka hanya.

Gangara ta fi hawa haɗari, wannan kuwa a jikinmu muka koya. Ruwan sama yakan yanka kwazazzabai a tsakiyar hanya, tsakuwa kuma ta taru a kan kwana. Ƙaramin cikinmu, yaro mai jini a jika, ya saki keke a wata gangara, da ya ga rami sai ya damƙe birkin gaba shi kaɗai. Kafin mu ce kwabo yana ƙasa, gwiwa da tafin hannu sun ɗaye. Allah Ya kiyaye, yana sanye da hular kwano. Wani dattijo manomi ya fito daga gonarsa ya kawo ruwa aka wanke ciwon, ya kuma fasa mana ƙwallon koko muka tsotsi farin naman da ke jikin 'ya'yan, mai zaƙi da ɗan tsami. Babban cikinmu ya dubi yaron ya ce, "Ƙanena, gobe in za ka gangara, ja jikinka baya, ka kama birki biyu tare, ka dubi inda kake son bi, kada ka dubi ramin." Yaron ya ce, "Na ji, Yaya." Daga nan har Nsawam bai sake wuce kowa ba.

Waɗannan hanyoyi suna da tarihi. A shekarar 1879 Tetteh Quarshie ya dawo daga tsibirin Fernando Po da irin koko ya shuka a Mampong, 'yan kilomitoci kaɗan daga Aburi, kuma gonar tana nan ana ziyartarta. Da ƙasar kan dutse ta yi wa manoman Akuapem kaɗan, sai suka riƙa gangarawa yamma suna tsallake kogin Densu suna sayen kurmi a ƙasar Akyem. Kafin zuwan manyan motoci, a ka ake ɗaukar koko, ko a zuba a ganga a mirgina ta har bakin teku. Jirgin ƙasa ya iso Nsawam a 1910, aka haɗe layin da Kumasi a 1923. Yawancin burjin da muka bi, aikinsu ke nan tun asali: fitar da amfanin gona zuwa tasha.

Mu ma muna da rabo a cikin wannan tarihi. Kakanninmu fataken Gonja goro ne ya kawo su, goro kuwa ɗan kurmi ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar can ta watse, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, suka bi goro da koko cikin kurmi, duk inda suka yada zango ya zama unguwa. Shi ya sa da muka gangara Nsawam muka tsallake gada zuwa Adoagyiri, ba mu tambayi kowa inda masallaci yake ba, kiran sallar Azahar ne ya ja mu. Muka yi salla, muka ci shinkafa da wake, muka sayi burodin Nsawam na tsaraba.

Wanda wannan hanya ta yi masa kaɗan, akwai na gaba da ita. Daga Aburi kwalta ta bi ƙoƙuwar dutse ta Obosomase da Mampong da Mamfe da Akropong har Adukrom, kuma kusan kowane gari yana da burjin da ya gangara zuwa gonakinsa. Daga Koforidua akwai tafiyar kamar kilomita 17 zuwa Boti, inda ruwa yake zubowa daga dutse gida biyu, mutanen wurin suna kiran ɗaya namiji ɗaya mace, kuma sai an sauka matakala 250 kafin a kai gindinsa. Masu ƙarfin gwiwa kuma sai su sa keke a mota zuwa Nkawkaw, su hau dutsen Kwahu ta Obomeng da Mpraeso har Abetifi, garin da ya haura mita 600 a sama da teku.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a rai, shi ne ma babban dalilin wannan rubutu. Da muka tsaya a kan gadar Nsawam muka leƙa Densu, sai muka ga ledoji da shara suna yawo a bakinsa. Wannan kogi daga dajin Atewa yake fitowa, kusa da Kyebi, shi da Birim da Ayensu. Shi ne yake cika madatsar Weija, wadda yammacin Ankara yake sha daga gare ta. Ashe ke nan ruwan da ake alwala da shi a zangunan wannan ɓangare, daga cikin kurmin nan ya taso. An keɓe dajin Atewa tun 1926, faɗinsa ya fi hekta 23,000, amma masu galamse sun yi wa gefensa illa, sun mai da Birim kamar kunun kanwa. Ga masu yankan katako a ɓoye, ga kuma batun haƙar boksait, ƙasar da ake fitar da alminiyam daga cikinta, wanda ya sa wasu ƙungiyoyi suka kai gwamnati kotu a 2020. Ta ɓangaren Aburi kuma masu gine-gine suna ta cin gonaki, duk shekara katanga tana ƙara hawa tudu. Mutumin da bai taɓa shiga kurmi ba, ko an ce masa ana kashe shi, ba zai ji zafi ba. Yaron da ya sha inuwarsa, ya wanke ciwonsa da ruwan rafinsa, shi ne zai buɗe baki gobe in ana maganar a majalisar gunduma.

Ga mai niyya, ga 'yan shawarwari. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, ko da yake ƙurar hunturu takan sa a rufe hanci, sai kuma watan Agusta, tsakanin damina babba da ƙarama. A Mayu da Yuni jar ƙasa takan zama taɓo mai danƙo ya toshe taya. A kai keke wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa kafin ranar. A rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa. A ɗauki famfo da kayan faci da tif na ajiya, domin mai faci yana da nisa a can. A riƙe ruwa isasshe da guzuri, ko gari da sukari da gyaɗa, tunda ba kowane ɗakin abinci na ƙauye ne zai dace da Musulmi ba. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, kuma a fito daga daji kafin Magariba.

Bugu da ƙari, a tuna ƙasar mutane aka shiga. A gai da duk wanda aka tarar, "Maakye" da safe, "Medaase" in an yi maka alheri. Kada a tsinki koko ko abarba sai mai gona ya ba da. Akwai kurmin da mutanen gari suke girmamawa ba a shiga, akwai kuma makonnin hana hayaniya kafin bikin Odwira wajen Satumba da Oktoba, to a kiyaye. Ledar da ka sha ruwa, ka mai da ita aljihu.

Muna kira ga ƙungiyoyin samari na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, da iyayen da suke kukan yara sun maƙale wa waya da zaman benci, su gwada ko sau ɗaya a wata. Abin da ake bukata keke mai birki ne, da babba guda mai hankali a gaba, da wani a baya. Mu dai mun sa ranar komawa, wannan karon ta Mamfe za mu gangara. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.