Faifan da ya ƙi karɓar fayil ba lalle ne ya lalace ba

A gidaje da yawa, da kuma shagunan masu tura fina-finai da waƙoƙi, akwai kwamfutar da aka keɓe don kallo da sauraro. Wani lokaci tsohuwar kwamfuta ce mai manhajar Plex, wani lokaci 'yar ƙaramar Raspberry Pi ce mai Kodi, an maƙala mata faifan ajiya na waje ta ƙofar USB. Matsalar da ta fi damun masu ita ita ce faifan ya buɗe, fim ya yi ta tafiya lafiya lau, amma da an zo zuba sabon fayil ko goge tsoho, sai na'urar ta ce babu izini. Nan take za ka ji an ce bairos ne, ko a ce a yi masa fomat a huta. A ganina wannan gaggawar ce ke jawo asara, domin a mafi yawan lokuta faifan ƙalau yake, kuma ƙin rubutun yana da dalilin da za a iya ganowa.

Dalilin da ya fi yawa shi ne tsarin da aka shimfiɗa wa faifan. Manyan faifai da dama suna fitowa daga kamfani da NTFS, tsarin da Microsoft ya fito da shi a 1993. Windows na karantawa ya kuma rubuta a kansa, amma macOS karatu kawai yake yi, sai an sa masa ƙarin manhaja. Editan fim da ya karɓi faifai daga abokin aikinsa mai Windows ya jona a Mac zai ga komai, ya kasa ajiye ko da hoto ɗaya. Linux kuwa ya daɗe yana dogara da manhajar ntfs-3g don rubutu a NTFS, sai a 2021 aka shigar da NTFS3 cikin ƙwaryarsa ta 5.15. Shi kuma tsarin FAT32 kowace na'ura ta san shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da faifan fayau yake.

Dalili na biyu shi ya fi shafar mu, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Idan aka zare faifai ana tsakiyar rubutu, ko aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu ba shiri, sai a bar alama a jikin tsarin cewa ba a rufe shi yadda ya kamata ba. Haka ma Windows, tun daga Windows 8 na 2012, yana da dabarar saurin tashi wadda ba ta kashe na'ura gaba ɗaya, kuma takan bar faifan NTFS kamar har yanzu yana hannunsa. Linux idan ya tarar da irin wannan yakan buɗe faifan don karatu kawai, ko ya ƙi buɗe shi sam. Da gangan yake yin haka, kamar magatakardan da ya ga lissafin jiya bai kammala ba ya ƙi ƙara sabon layi a littafin. Rubutu a kan tsarin da ke rabi da rabi na iya birkita jerin fayilolin duka. Ga faifan NTFS, maganin shi ne a mayar da shi kan Windows, a bincike shi da manhajar chkdsk, a kashe saurin tashin, sannan a cire shi ta hanyar da na'urar ta tanada. A inda wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, ƙaramin batirin UPS ya fi kowace manhajar gyara amfani.

Akwai kuma batun mallaka. A faifai mai tsarin ext4 na Linux, kowane fayil yana da mai shi. Plex a kan Linux yana aiki ne da wani asusu nasa mai suna plex, dabam da asusun mai kwamfutar, don haka mutum zai iya rubutu a folda ita kuwa manhajar ta kasa. Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a buɗe wa kowa izini da lambar 777. Tana aiki a ext4, amma ta bai wa kowace manhaja ikon gogewa. A tsarin NTFS da na exFAT kuwa galibi ba ta canza komai, domin a can ana tsayar da izinin ne lokacin da ake haɗa faifan da tsarin.

Mai cewa a yi fomat yana da hujja: sau da yawa bayan fomat faifan na karɓar rubutu. Amma da me aka biya? An share tarin shekaru, kuma idan ɗauke wuta ne sanadin, matsalar za ta dawo. Wasu kuma na cewa kowa ya koma exFAT a daina wahala. Gaskiya ne tsarin, wanda ya fito a 2006 kuma Microsoft ya wallafa ƙa'idojinsa a 2019, yana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma ba shi da iyakar gigabait 4. Ga faifan da ke yawo tsakanin na'urori, shi zan zaɓa. Sai dai ba shi da kundin da NTFS da ext4 ke rubuta abin da za su yi kafin su yi, wanda da shi suke farfaɗowa bayan yankewar wuta. Faifan da ke zaune dindindin a kwamfutar kallo ya fi aminci a tsarin da ita kanta kwamfutar ta fi sani.

Saura halin da faifan ke da ciwo da gaske. Ƙofar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900, kuma faifai mai juyawa da bai ƙoshi da wuta ba yakan yanke ya dawo har tsarin ya hana rubutu. Sauya waya ko ba shi wutarsa ta dabam ya isa. Katin memori babba yana da ɗan makulli a gefe da kan zame ba a sani ba. Filash da SSD kuwa, idan ƙwayoyin ajiyarsu sun gaji, da yawansu kan kulle kansu a karatu kawai don kada abin da ke ciki ya salwanta. Irin wannan ko fomat ba zai karɓa ba, kuma duk ƙoƙarin tilasta shi cin lokacin da ya rage ne. Tunda yana buɗuwa, a fara kwashe fayilolin zuwa wani faifan tukuna.